Arzikin Kanti Yana Gona

Kowace shekara idan aka buɗe kasuwar bajekoli a Kaduna ko Kano ko Ikko, sunan majalisar 'yan kasuwa yakan cika rediyo da jaridu har na tsawon mako ɗaya ko biyu. Manyan baƙi su hallara, a yi jawabai, a ɗauki hotuna, sa'an nan a naɗe rumfuna kowa ya kama gabansa. Saboda haka ne mutane da yawa, har da ma'aikatan gwamnati da ɗalibai masu nazarin tattalin arziki, suka ɗauka cewa majalisar 'yan kasuwa ado ce ta manyan birane, kuma ba ta da wani aiki da ya wuce shirya bajekoli da liyafa. Wannan fahimta kuwa tana jawo hasara mai yawa, domin wurin da aka fi bukatar irin wannan majalisa shi ne ƙaramin gari mai kasuwar mako-mako, wanda rayuwarsa duka ta rataya ga abin da manomi da makiyayi suka kawo ranar da kasuwa take ci.

Idan aka bi asalin abin, za a ga bukata ce ta haife shi. A shekarar 1599 hukumar birnin Marsel na ƙasar Faransa ta zaɓi 'yan kasuwa huɗu ta ɗora musu nauyin lura da al'amuran ciniki, a lokacin da 'yan fashin teku suka addabi jiragen fatake a Bahar Rum. Daga wannan ne aka sami majalisar 'yan kasuwa ta farko da tarihi ya sani da wannan suna. A 1768 aka kafa ta birnin Niyok a Amurka, a 1783 kuma aka kafa ta Glasgo a Birtaniya. Tafiya ta yi tafiya har aka sami tsari iri biyu. A Faransa da Jamus doka ce ta kafa majalisun, kuma dole ne kamfani ya zama ɗan majalisar yankinsa. Shi ya sa majalisun Faransa suka yi ƙarfin da har suka riƙa gudanar da tasoshin jiragen ruwa da na sama da makarantun koyon ciniki. Jamhuriyar Nijar ta gaji irin wannan tsari. A Birtaniya da Amurka kuwa shiga ganin dama ce, wanda ya so ya biya kuɗin shiga, wanda bai so ba babu mai tilasta masa. Wannan tsari na biyu shi Nijeriya ta gada, tun daga majalisar Ikko da aka kafa a 1888, wadda kamfanonin Turawa suka fi rinjaye a cikinta da farko, har zuwa 1960 da aka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, watau NACCIMA.

Tun da shiga ba dole ba ce, majalisar ƙaramin gari ba ta da wani abin da za ta jawo mutane da shi sai amfanin da suka gani da idonsu. To, wane amfani ne wannan? Tarihin wani gari da ake kira Tupelo, a gundumar Lee ta jihar Misisifi a kudancin Amurka, ya isa ya amsa wannan tambaya.

A shekarun 1930 Tupelo ƙaramin gari ne wanda mutanensa ba su kai 10,000 ba, yana tsakiyar karkarar da ta dogara ga noman auduga, a jihar da ake lissafa ta cikin mafi talauci a Amurka. Ƙasar noma ta gaji, ruwan sama ya zaizaye ta, yawancin manoma kuma aron gona suke yi a raba amfani da mai ita. A 1934 garin ya yi sa'a ya zama na farko da ya fara samun wutar lantarki daga hukumar raya kwarin kogin Tenesi, amma a ranar 5 ga Afrilu 1936 sai wata guguwa mai ƙarfi ta afka masa, ta hallaka mutum fiye da 200, ta rushe unguwanni. Shekara guda bayan haka ma'aikatan masaƙar garin suka shiga yajin aiki, rikicin ya ƙare da rufe masaƙar. Garin yana da majalisar 'yan kasuwa irin wadda aka saba gani, amma ba ta iya tsayar da wannan koma-baya ba.

Mutumin da ya sauya tunanin attajiran garin ba attajiri ba ne. Sunansa George McLean, tsohon malamin kwaleji ne wanda ya sayi jaridar garin a 1934 bayan ta karye. Ya goyi bayan ma'aikata a lokacin yajin aiki, don haka masu kantuna da dama suka juya masa baya. Duk da haka bai fasa bin su kanti-kanti ba, yana yi musu wani lissafi mai sauƙi: mai kanti ba zai taɓa sayar da abin da ya wuce kuɗin da ke aljihun mai saye ba, mai sayen nan kuwa manomi ne, saboda haka duk wanda yake so cinikinsa ya ƙaru, sai ya nemi hanyar da samun manomi zai ƙaru tukuna. Bai roƙe su da sunan tausayi ko sadaka ba, ribarsu ya nuna musu.

Dabarar da ya kawo ita ce kiwon shanun madara. Auduga sau ɗaya take ba da kuɗi a shekara, madara kuwa kullum ake tatsa, kullum ake sayarwa, ga shi kuma akwai masana'antar sarrafa madara ta kamfanin Carnation a garin tun 1927, wadda take bukatar mai kawo mata. Abin da ya rage shi ne shanun manoma ba su da kyawun iri, kuma babu manomin da zai iya sayen bijimi mai tsada shi kaɗai. A farkon shekarun 1940 wasu 'yan kasuwar garin suka yarda suka haɗa kuɗi, aka sayi bijimi mai kyawun iri, aka ɗauko gwani wanda ya san hanyar ɗura wa saniya irin bijimi ba tare da an kai shi kowace gona ba. Cikin 'yan shekaru madara ta zama babbar hanyar samun kuɗi a gundumar, kuɗin kuwa kantunan Tupelo suka riƙa komawa. Waɗanda suka yi shakka da farko sai suka ga lissafin ya fita.

Daga nan aka faɗaɗa aikin. A 1946 aka fara kafa majalisun raya karkara, inda mutanen kowane ƙauye suke zama su tsara abin da suke so su gyara, ko gona ce, ko gida, ko makaranta, ko hanya, ƙungiyoyin cikin gari kuma su riƙa mara musu baya, a ƙarshen shekara a yi gasa a ba ƙauyen da ya fi himma kyauta. A 1948 kuwa 'yan kasuwar suka ɗauki wani mataki wanda ba kowace ƙungiya ce za ta iya ɗaukarsa ba: suka ajiye tsohuwar majalisarsu, suka kafa sabuwa a madadinta da sunan Gidauniyar Raya Al'umma, wadda aka fi sani da CDF. Sauyin suna ya nuna sauyin manufa, domin tsohuwar tana tsaron bukatar masu kantuna ne, sabuwar kuwa ta ɗauki gundumar duka, birni da ƙauye, a matsayin filin aikinta. Har yanzu ita ce take riƙe da aikin majalisar 'yan kasuwa a Tupelo.

Shugabannin gidauniyar sun hango cewa injuna za su rage bukatar hannu a gona, saboda haka suka juya ga neman masana'antu tun kafin matasa su watse zuwa manyan birane. A shekarar nan ta 1948 wani mutumin Shikago mai suna Morris Futorian ya buɗe masana'antar kujerun falo a garin New Albany da ke kusa, waɗanda suka koyi aiki a hannunsa kuma suka riƙa fita suna kafa nasu, har arewa maso gabashin Misisifi ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin yin kujeru a Amurka. Ma'aikata da yawa ba su bar gonakinsu ba, daga gida suke zuwa aiki su koma. An kuma lura cewa mai masana'anta ba ya zuwa inda ma'aikaci bai iya karatu ba, don haka aka ba koyon sana'a da makarantun firamare muhimmanci. A shekarun 1970 jaridar McLean ta ɗauki nauyin biyan mataimakan malamai masu koyar da karatu a ajin farko na makarantun gundumar, jihar kuma ta shigar da irin wannan tsari cikin dokar gyaran ilimi ta 1982. Da kujerun ƙasar Sin masu araha suka fara karya cinikin yankin bayan shekarar 2000, gundumomi uku, watau Pontotoc da Union da Lee, suka haɗa kai suka tanadi fili guda, wanda a kansa kamfanin Toyota ya gina masana'antar motoci a Blue Springs, ta fara aiki a 2011. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen Tupelo sun kusa 38,000.

Ba za a ce tarihin nan ba shi da tabo ba. Shekaru da yawa fararen fata masu hali ne kaɗai suke zama su yanke shawara, baƙar fata kuwa, waɗanda suke babban kaso na manoma da ma'aikata, ba su da kujera a inda ake yankewa. An kuma zargi shugabannin yankin da ƙin jinin ƙungiyoyin ƙwadago da jawo masana'antu da arahar lada. A 1978 baƙar fatan Tupelo suka yi zanga-zanga a kan cin zarafin da 'yan sanda suke yi musu da kuma wariya wajen ɗaukar aiki, suka ƙaurace wa kantunan garin. Wannan ma darasi ne: majalisar da ta bar wani ɓangare na jama'a a waje, ko ba daɗe ko ba jima za ta ji a cinikinta.

Idan aka dawo gida, haɗa kan masu ciniki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15 ciniki yake da tsari da shugabanci. Ayari yana da madugu, baƙon falke yana da fatoma wanda zai sauke shi ya tsaya masa, kasuwa tana da sarkinta, mahauta suna da Sarkin Pawa, maƙera da majema da dillalai kowa da nasa shugaba. A yau ma babu kasuwar da za a shiga ba a tarar da ƙungiyar 'yan hatsi da ta 'yan tireda da ta 'yan gwari da ta direbobi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne inuwa guda wadda za ta tara waɗannan duka, ta ɗaga kai daga kan rumfa ta dubi garin da ƙauyukan da suke ciyar da shi. Kowace ƙungiya tana tsaron layinta, tana karɓar kuɗin mako, tana sasanta 'ya'yanta idan sun yi faɗa. Amma idan gadar da ake bi a kawo kaya ta karye da damina, ko rijiyar karar shanu ta ƙafe, sai kowa ya ce ba aikinsa ba ne, a zauna jiran gwamnati.

Ga shi kuwa garuruwan da ake magana a kansu ba matalauta ba ne. Dubban dabbobi ne suke sauya hannu a Potiskum da Maigatari da Mubi da Illela. Saminaka ta yi suna da masara, Funtuwa da auduga, Aliero da albasa, Kura da shinkafa, Kadawa da tumatir. Dukiya tana shiga waɗannan wurare ranar kasuwa, amma da yamma ta hau mota ta tafi, ba ta barin alama. Manomin tumatir yakan sayar da kwando a wulaƙance lokacin da kaya suka yi yawa, domin ba shi da wurin ajiya. Matar makiyayi tana yawo da ƙwaryar nono a rana, alhali ƙasa tana kashe kuɗin waje masu yawa wajen shigo da madarar gari. Ilimin da ya ɗaga Tupelo kuma ba a nesa yake ba: cibiyar binciken dabbobi ta Shika da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, dukansu a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun daɗe suna aiki a kan kyautata irin shanu da na shuka. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Abin da babu shi ne wanda zai tsaya tsakanin masanin da makiyayin da mai sayen madarar, ya haɗa su, ya kuma zuba kuɗin farko. Wannan shi ne gurbin majalisar 'yan kasuwa.

Majalisar ƙaramin gari ba ta bukatar katafaren ofis ko motar shugaba. Ɗaki ɗaya ya isa, da sakatare mai gaskiya wanda ya iya rubutu da lissafi, da littafin sunayen masu sana'a na garin, da asusun banki wanda mutum ɗaya ba zai iya taɓa shi shi kaɗai ba. Aikin farko shi ne sanin gari: me ake nomawa, nawa ne yake shigowa kasuwa, ina yake tafiya, a ina ake hasara. Bayan haka sai a zaɓi aiki guda ɗaya tak wanda za a iya gamawa cikin shekara, kuma wanda manomi zai ji amfaninsa a aljihunsa, ko rumbun ajiyar albasa ne, ko wurin tara nono mai na'urar sanyi, ko ma'auni na gaskiya wanda mai saye da mai sayarwa suka yarda da shi, ko tankin ruwa da kayan kashe gobara a kasuwa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021 sun nuna yadda dukiyar shekaru take zama toka cikin dare ɗaya, a biranen da suke da motocin kashe wuta ma, balle garin da ba shi da ko ɗaya. Aiki guda da aka gama ya fi alkawari goma jawo sababbin 'yan majalisa.

Akwai ramuka uku da ya wajaba a kauce musu. Na farko siyasa: ranar da majalisa ta zama reshen wata jam'iyya, rabin 'yan kasuwa za su fice, wanda ya ci zaɓe na gaba kuma zai ɗauke ta abokiyar gaba. Na biyu haɗa baki a kan farashi: idan attajirai suka mai da majalisa wurin ƙulla yadda za su karya kuɗin hatsi da kaka su ɓoye shi har bazara, to sun sare reshen da suke zaune a kai, domin manomin da aka tsotse ba zai sayi atamfa ko kwanon rufi ba. Na uku wariya: matan da suke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa a cikin gida, da matasa masu gyaran waya da babura, da baƙin da suka zo daga wasu jihohi suka buɗe kantuna, da wakilan manoma da makiyaya, duk suna da haƙƙin zama a inda ake shawara. Lalle ne kuma a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a kowace shekara, a kuma ƙayyade wa'adin shugabanni, domin ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan ba rashin kuɗi ne ya kashe su ba, rashin bayani ne.

Ma'aikatan gwamnati suna da rawar da za su taka, musamman na ƙananan hukumomi da na ma'aikatun ciniki da aikin gona. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan alhakin kafa kasuwanni da tasoshin mota da mayanka da kuma kula da su, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk kuɗin da ya iso ƙaramar hukuma yana bukatar idon da zai bi shi, kuma babu wanda ya fi cancanta ya tambayi inda harajin kasuwa ya shiga kamar wanda ya biya shi. Jami'in da ya san aikinsa ba zai ɗauki majalisar 'yan kasuwa kishiya ba. Zai taimaka mata ta yi rajista, ya gayyace ta lokacin tsara kasafin kuɗi, ya saurare ta kafin a ƙara haraji ko a tashi kasuwa. Sai dai kada gwamnati ta ce ita za ta kafa majalisar ko ta naɗa mata shugabanni, domin abin da hukuma ta dasa da takarda yakan bushe ranar da aka yi wa jami'in canjin wurin aiki. Haka nan ya kamata majalisun manyan birane da uwar ƙungiya ta ƙasa su riƙa tura mutanensu ƙananan garuruwa, su koyar da yadda ake rubuta tsarin mulkin ƙungiya da ajiye lissafi, su kuma ware wa majalisun karkara rumfuna a bajekolinsu.

Ɗalibai ma ba 'yan kallo ba ne. Yawancinsu daga irin waɗannan garuruwa suka fito, kuma sanin kowa ne ofisoshin gwamnati ba za su iya ɗaukar duk wanda ya gama makaranta ba. Wanda ya karanta lissafin kuɗi ko tattalin arziki ko aikin gona ko likitancin dabbobi yana da abin da attajiran garinsu suke bukata, ko da ba su sani ba. Maimakon a riƙa rubuta kundin kammala karatu a kan abin da aka riga aka rubuta sau ɗari, ɗalibi zai iya komawa kasuwar garinsu ya ƙidaya buhunan da suke shiga da fita, ya gano inda kuɗi yake zurarewa, ya kai sakamakon gaban manyan gari. Irin wannan lissafi ne ya shawo kan masu kantunan Tupelo, ba kwarjini ko sarauta ba.

Misisifi dabam, ƙasar Hausa dabam, kuma babu mai cewa a kwafo abin da aka yi can ba tare da duba yanayi ba. Amma lissafin bai sauya ba: cinikin kanti ba ya wuce samun manomi. Attajirin da ya gane haka ya san cewa kuɗin da ya sa a rumbun ajiya ko a kyautata irin shanu ba kyauta ya yi ba, jari ya zuba, kuma ta ƙofar kantinsa zai dawo. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Garin da 'yan kasuwarsa suka haɗa kai suka fara da ɗan abin da yake hannunsu, shi ne zai sami bakin yi wa gwamnati da banki da mai masana'anta magana a saurare shi. Wanda kuwa ya zauna jira, zai ci gaba da kallon dukiyarsa tana hawa mota kowace ranar kasuwa, 'ya'yansa kuma suna bin bayanta.